Shigar da Magani ta Fata da Lantarki: Tambayoyi da Amsoshi kan Lafiyar Fata

An tattara waɗannan tambayoyi ne daga bakin mutanen da aka ba su shawarar a shigar musu da magani ta fata da na'urar lantarki, da waɗanda suka ga tallar irin wannan na'ura a waya, da kuma waɗanda aka yi wa tayinta a gidajen gyaran jiki a nan Jos. Damuwar kusan kowa ɗaya ce, wato abin da zai sami fata. An sa wa tambayoyin lamba domin wasu amsoshin suna komawa ga wasu.

1. Me ya sa sai an haɗa da lantarki, alhali ana iya shafa magani a fata kawai?

Aikin fata na farko shi ne tsare jiki. A can samanta akwai wani siririn ɓawo na matattun ƙwayoyin halitta da ke jere kamar tubali, kitse ya cike tsakaninsu yadda laka ke riƙe gini. A yawancin sassan jiki kaurin wannan ɓawo bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na milimita ba, amma shi ke hana ruwan jiki fita, shi kuma ke hana abin waje shiga. Magungunan da ke iya ratsa shi da kansu 'yan kaɗan ne, masu ƙananan ƙwayoyi kuma masu narkewa a cikin mai, kamar maganin jiri da aman tafiya wanda aka fara amincewa da filastarsa a Amurka a 1979, da filastar nikotin ta masu son barin taba. Sauran, musamman masu narkewa a ruwa da masu manyan ƙwayoyi, a waje suke tsayawa komai yawan shafawa.

Lantarki yana taimaka wa magani ya ƙetare wannan ɓawo ba tare da allura ba. Daga nan batun lafiyar fata ya taso, domin ƙarfin da ya isa ya sassauta katanga har magani ya wuce ya isa ya yi mata lahani idan aka wuce gona da iri.

2. Hanya ɗaya ce, ko akwai iri-iri?

Manyan hanyoyin biyu ne, kuma haɗarinsu ba iri ɗaya ba ne. Ta farko ita ce ayontoforesis, wadda za mu kira hanyar turi. Ana liƙa faifai biyu a fata, ɗaya fozitif ɗaya nagetif kamar kawunan batiri, sannan a saki lantarki ɗan kaɗan yana gudana a hankali na minti 10 zuwa 20. Ana sa maganin a ƙarƙashin faifan da cajinsu ya zo ɗaya, sai faifan ya riƙa korarsa zuwa cikin fata, kamar yadda fuska ɗaya ta maganaɗisu biyu ke korar juna. Tsohuwar dabara ce: a farkon ƙarni na 20 wani likita Bafaranshe, Stéphane Leduc, ya gwada ta da guba a jikin zomaye, ya nuna cewa gubar tana shiga jini ne kawai idan an sa ta a faifan da ya dace. A yau ma'aikatan gashi, wato masu gashin ƙashi a asibiti, suna tura maganin kumburi deksametason da ita zuwa jijiyar da ta kumbura a gwiwar hannu ko dunduniya, ana tura lidoken don kashe zafi kafin allura, ana kuma rage yawan gumin tafin hannu da na ƙafa da ruwan famfo zalla.

Ta biyu ita ce ilektiroforeshan, hanyar bugu. A nan ana harba lantarki mai ƙarfi, daga gomman bolt zuwa ɗaruruwa, amma kowane bugu bai kai ƙiftawar ido ba, sau da yawa kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ne ko ƙasa da haka. Bugun yana buɗe ƙananan ƙofofi na ɗan lokaci a cikin kitsen ɓawon fata. A 1993 ne masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna cewa ana iya yin haka a fata, kuma har yanzu shigar da magani ta wannan hanya ya fi yawa a ɗakunan bincike.

Kada a haɗa waɗannan biyu da na'urar rage ciwo da ake kira TENS, wadda ake liƙa wa masu ciwon baya a sashen gashi. Ita jijiyoyi take motsawa, ba ta shigar da magani.

3. Wannan ba shi ne jan wuta ba? Ɗaruruwan bolt ba za su kashe mutum ba?

Yawan bolt kaɗai ba ya nuna haɗari. Abin da ke kisa shi ne yawan lantarkin da ya ratsa jiki, da tsawon lokacin da ya ɗauka, da hanyar da ya bi. Duk mazaunin Jos ya san tartsatsin da ke tashi a watan Disamba idan ya taɓa ƙofar mota ko ya yaye bargo da dare. Wannan tartsatsi dubban bolt ne, amma lantarkin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba, kuma nan take yake ƙarewa. Wutar gida kuwa, wadda take wajen bolt 230, ba ta yankewa muddin hannu yana kan waya, tana kuma iya bi ta ƙirji ta rikita bugun zuciya.

Na'urar asibiti ta ƙwarai tana ƙayyade lantarkin, sau da yawa kuma ana sa faifan biyu kusa da juna domin ya bi gajeriyar hanya. Ga mai lafiyar zuciya, abin tsoro a wannan aiki yana kan fata ne, a daidai inda faifai ya zauna. Masu batirin zuciya hukuncinsu daban ne, su duba amsa ta 9.

4. Me zan ji lokacin da ake yi, kuma me zan gani bayan an gama?

A hanyar turi, yawancin mutane suna jin tsikari kamar ana ɗan caka musu tsinke, ko ɗumi, ko ƙaiƙayi, musamman a mintunan farko. Bayan an cire faifai wurin yakan yi ja, domin lantarki yana buɗe ƙananan hanyoyin jini ko da babu magani, wani lokaci kuma ƙananan ƙuraje su fito. Waɗannan sukan lafa cikin 'yan awoyi, da wuya su wuce yini guda. Idan ana maimaitawa a wuri ɗaya fatar takan bushe ta yi ɓawo. A hanyar bugu kuwa, abin da aka fi kuka da shi shi ne zafi mai kaifi na ɗan lokaci da zaburar tsoka tare da kowane bugu.

Raɗaɗi mai ƙaruwa, ko zugi da ya tattaru a ɗigo ɗaya, ba ya cikin abin da ake jurewa. Wanda ya ji haka ya yi magana nan take.

5. To ta ina ƙuna ke zuwa idan lantarkin kaɗan ne?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan shafi. Yawancin ƙunar hanyar turi ƙunar sinadari ce. Idan lantarki ya ratsa ruwa ta faifan ƙarfe na gama-gari, ruwan yana rarrabuwa: asid ya taru a ƙarƙashin faifan fozitif, sinadari mai kaifi irin sodar da ake yin sabulu da ita kuma ya taru a ƙarƙashin na nagetif. Na biyun ya fi cin fata, don haka aka saba yin faifan nagetif da faɗi domin lantarkin ya bazu. Na'urori masu inganci suna amfani da faifan azurfa na musamman wanda ba ya rarraba ruwan, ko kuma su haɗa da sinadarin da ke daidaita kaifin.

Dalili na biyu shi ne cunkoson lantarki a wuri ɗaya. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kada ya wuce rabin miliamfa (ma'aunin yawan lantarkin da ke gudana) a kan kowane murabba'in santimita na fata, kuma a sashen gashi ba a cika wuce miliamfa 4 gaba ɗaya ba. Amma wannan lissafi yana aiki ne idan faifan ya kwanta daidai, ya kuma jiƙe ko'ina. Lantarki kamar ruwan sama yake a kan rufin kwano, inda ya sami huda nan yake bi. Idan gefen faifai ya ɗaga, ko wani ɓangare ya bushe, ko akwai ƙurji ko yanka ko tsagewa a ƙarƙashinsa, sai duk lantarkin da aka yi wa lissafin faɗin faifai ya kwarara ta wuri mai girman kan allura. Haka ma idan mutum ya kwanta a kan faifan ko aka ɗaure shi tamau.

Irin wannan ƙuna tana da yaudara. Takan fara a matsayin ɗan ɗigo mai launin toka ko ɗan rami ƙarami, wani lokaci ba tare da zafi sosai ba, alhali ta yi zurfi, kuma tana jinkirin warkewa.

6. An taɓa dakatar da wata na'ura saboda ta ƙona mutane?

An taɓa. A 2013 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata filasta mai batiri, Zecuity, wadda ake liƙawa a dantse ko cinya tana tura maganin ciwon ɓarin kai na tsawon awa 4. Ta shiga kasuwa a watan Satumba na 2015, amma zuwa Yunin 2016 kamfanin ya dakatar da sayar da ita saboda rahotannin ƙuna da tabo, har da bororo da tsagewar fata da sauyin launi. Wannan na'ura ce da ta bi matakan gwaji kafin a sake ta.

A ɗaya gefen kuma, tun 1959 ake amfani da hanyar turi wajen gwajin gumi ga jarirai don gano wata cutar gado ta huhu, kuma ƙuna a wannan gwaji ba kasafai take faruwa ba. Na kawo misalan biyu ne domin a ga cewa sakamakon ya rataya a kan ƙirar na'ura, da tsawon lokacin da ta zauna a jiki, da kasancewar ƙwararre yana sa ido.

7. Likita ya ce in lura da jan fata, ni kuwa baƙi ne. Yaya zan gane?

Wannan gibi ne na gaske, kuma yana damuna. Yawancin bayanan gargaɗi an rubuta su ne da farar fata a zuciya, inda ja ke fitowa ɓaro-ɓaro. A baƙar fata kumburin yakan fito da launin toka, ko shuɗi-shuɗi, ko duhun da ya fi na kewaye, wani lokaci ma ido ba ya ganin komai. Saboda haka a dogara da wasu alamu: a taɓa a ji ko wurin ya fi kewayensa zafi, ko ya yi tauri, ko ya kumbura, ko yana ƙyalli, sannan a kwatanta shi da irin wurin a ɗaya hannun ko ɗaya ƙafar, a cikin hasken rana. Mafi girman alama kuwa ita ce bakin mara lafiya. Kunya da kara kyawawan halaye ne a wurinmu, amma dattijon da ya daure wa raɗaɗi don kada ya katse wa ma'aikaci aiki zai iya tashi da tabo.

Abu na biyu shi ne abin da ke biyo baya. Baƙar fata ta fi saurin barin duhu a duk inda ta yi kumburi, kuma duhun yana iya ɗaukar watanni kafin ya washe. Tabo mai tudu, wanda ke girma ya zarce asalin ciwon, shi ma ya fi yawa a tsakanin baƙaƙen fata. Duk wanda hujin kunne ko kaciya ko wani yanka ya taɓa bar masa irin wannan tabo ya faɗa kafin a fara, kuma a guji ƙirji da kafaɗa da gefen muƙamuƙi, inda ya fi son fitowa.

8. Ina shafa man ƙara haske, kuma kwanan nan aka yi mini dilka da halawa. Akwai matsala?

Akwai, Hajiya, kuma ba don a kunyata kowa ake tambaya ba. Da yawa daga mayukan bilicin suna ɗauke da magunguna masu ƙarfi irin kulobetasol, waɗanda idan aka daɗe ana shafawa suke sirantar da fata, su rage mata saurin warkewa da ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta. Irin wannan fata ba ta jure abin da lafiyayyar fata ke jurewa. Dilka da halawa kuma suna kankare wani ɓangare na ɓawon da aka bayyana a amsa ta 1, halawa ma tana barin ramukan gashi a buɗe, kuma ta ramukan gashi da na gumi lantarki ya fi son bi. Aski da reza haka yake, don haka idan gashi ya yi yawa almakashi ake sa wa. Amarya ko mai shirin biki ta jira fatarta ta huce tukuna. Wadda baƙin lalle mai haɗin rinin gashi ya taɓa fitar mata da ƙuraje ita ma ta faɗa, kada kuma a ɗora faifai a kan sabon zane.

Yanayin garinmu ma yana da nasa. Jos tana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, hunturunta kuma yana busar da fata har kaushi da faso su fito. Ga mai neman maganin yawan gumi ko ciwon dunduniya, kowace tsaga ƙofa ce ta cunkoson lantarki, kamar yadda amsa ta 5 ta nuna. Ƙaramar tsaga ana iya toshe ta da ɗigon basilin, domin lantarki ba ya ratsa shi. Sauran wurin kuwa a wanke shi, kada a bar man kaɗanya ko wani mai a kai, sai bayan an gama a shafa.

9. Su wane ne bai kamata a yi wa wannan ba?

Na farko shi ne mai batirin zuciya ko wata na'urar lantarki da aka dasa a jiki, domin lantarkin waje yana iya rikita ta. Ana kuma kauce wa mai juna biyu, da mai farfaɗiya, da wanda aka sa wa ƙarfe a ƙashi a kan hanyar da lantarkin zai bi, da wanda jikinsa ba ya karɓar maganin da za a tura. Ba a ɗora faifai a kan miki, ko makero, ko ƙazuwa, ko sabon tabo. A cire zobe da awarwaro da agogo.

Akwai rukunin da nake so a ƙara lura da su, wato waɗanda fatarsu ba ta jin zafi sosai: mai ciwon sukarin da ƙafarsa ta fara mutuwa, da wanda ya yi fama da kuturta, da mai shanyewar ɓarin jiki. Tunda zafi ne ƙararrawar da ke sa a tsayar da na'ura, su ƙuna tana iya cin su ba su sani ba, ga shi kuma mikin ƙafar mai sukari yana da wuyar warkewa. Ƙaramin yaro da tsohon da ba ya iya bayani su ma sai an tsaya a kansu ana dubawa.

10. Ƙofofin da bugu mai ƙarfi ke buɗewa suna rufewa kuwa? Ƙwayoyin cuta ba za su bi ta nan ba?

Da yake ɓawon sama ne ya fi kowane ɓangare na fata tare lantarki, a kansa ƙarfin bugun ke sauka, abin da ke ɗan kare rayayyun ƙwayoyin da ke ƙasa. Masu bincike suna auna farfaɗowar fata ta hanyar duba yadda take tare lantarki, da yawan ruwan da ke tsiyayewa daga cikinta, da gudun jini a wurin. Gwaje-gwaje, waɗanda da yawansu a kan dabbobi aka yi, sun nuna cewa da matsakaicin bugu fatar takan yi ja, ta ɗan zubar da ruwa fiye da kima, sannan ta koma daidai. Idan bugun ya yi ƙarfi da yawa, ko ya yi tsawo, ko aka jera shi babu hutu, wurin yana ɗaukar zafi, ƙwayoyin halitta su mutu, farfaɗowar kuma ta ƙi cika.

Ƙofofin kansu sun yi wa bakteriya ƙanƙanta. Inda cuta ke samun shiga shi ne ta ƙuna ko bororon da ya fashe, ko ta soso da faifan da aka cire daga jikin wani aka ɗora wa wani ba tare da tsabtacewa ba.

A wasu asibitocin Turai ana amfani da bugun lantarki wajen maganin ciwon daji na fata, aikin da aka fara gwadawa a jikin mutane a Faransa a farkon shekarun 1990. A can ta allura ake ba da maganin, sannan a harba bugu 8 a jere domin ya shiga ƙwayoyin dajin, kuma sai an kashe zafi ko an sa mutum barci. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa bugu na gaske ba abin wasa ba ne.

11. Ina da ciwon sukari. Zan iya barin allurar insulin in koma wannan hanya?

A'a. Ƙwayar insulin ta ninka girman abin da ke ratsa fata cikin sauƙi fiye da sau 10, kuma magani ne da kuskure kaɗan a awonsa ke iya sumar da mutum. Babu wata na'urar lantarki ta fata da ta maye gurbin allurarsa.

12. Na'urorin da ake tallatawa a intanet da gidajen kwalliya fa, masu shigar da sinadarin gyaran fuska ba tare da allura ba?

Da yawansu suna aron sunan hanyar bugu, amma ƙarfinsu bai kusanci na ɗakin bincike ba. Mai rauni a cikinsu asarar kuɗi ce kawai. Wadda take aiki kuwa tana tura duk abin da ke cikin kwalba, har da turare da sinadarin hana lalacewa da abin da mai haɗin bai rubuta ba, zuwa zurfin da ba a yi su don shi ba, kuma daga nan ƙaiƙayi da ƙuraje da duhun da aka ambata a amsa ta 7 ke farawa. Fatar fuska da ta kewayen ido ta fi ta sauran jiki laushi.

A duba lambar rajistar NAFDAC a jikin na'ura da kuma a jikin abin da za a shigar, tunda hukumar tana kula da na'urorin lafiya kamar yadda take kula da magunguna. A guji duk na'urar da ba ta nuna yawan lantarkin da take bayarwa, kada kuma a yi amfani da mai batiri tana jone da caji, musamman a kan janareta ko lokacin da wuta ke rawa. Haɗa ta gida da batirin mota da faranti, kamar yadda wasu bidiyoyi ke koyarwa ga masu yawan gumi, hanya ce ta kai tsaye zuwa ƙunar da aka bayyana a amsa ta 5.

13. Me zan tambaya kafin a fara, kuma wa zan nema?

A nemi likitan fata ko ma'aikacin gashi mai rajista da hukumarsu ta MRTB. Manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo suna da irin waɗannan ƙwararru, kuma ko da ba a can za a yi aikin ba, shawararsu tana da amfani. A tambayi sunan maganin, da yawan lantarkin, da mintunan da za a ɗauka. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai duba fatar kafin ya liƙa faifai, ya ɗaga lantarkin sannu a hankali, ya sauke shi sannu a hankali, ba zai fizge faifai na'ura tana kunne ba, kuma ba zai fita ya bar mara lafiya shi kaɗai ba. Idan maganin kashe zafi ake turawa sai a ninka lura, domin wurin zai daina jin gargaɗi.

14. Idan ƙuna ta riga ta faru, me za a yi?

A sa a kashe na'urar, a cire faifan, a zuba wa wurin ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi yana gudana na kimanin minti 20, domin ya wanke sinadarin ya kuma huce fatar. Kada a sa ƙanƙara, ko man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko gishiri, ko manja, kada kuma a fasa bororo. A rufe da bandeji mai tsabta wanda ba ya mannewa. Idan wurin ya yi fari ko toka ko baƙi, ko ya yi rami, ko a fuska ne ko gaɓa, ko mutumin yana da ciwon sukari, a kai shi asibiti a ranar. Mugunya, da wari, da kumburi mai yaɗuwa, da zazzaɓi alamu ne na shigar ƙwayoyin cuta. Bayan an warke a kare wurin daga rana, kada kuma a bi duhun da man bilicin, domin zai ƙara sirantar da fatar da ke ƙoƙarin farfaɗowa.

A ɗauki hoton wurin kowace rana a cikin haske iri ɗaya, a ajiye kwalin na'urar da na maganin, sannan a kai rahoto ga NAFDAC ta manhajar Med Safety ko ta hannun likita ko mai haɗa magunguna, a rubuta sunan na'urar da ranar da aka yi aikin da mintunan da faifan ya ɗauka a jiki.